Wa ya auna tafkin, kuma yaushe?

A kantin kayan kamun kifi da na yi aiki a jihar Minnesota ta Amurka, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Mayu ba a samun sararin zama. Ƙanƙarar da ta rufe tafkuna ta narke, ranar buɗe kamun kifin walleye ta ƙarato, kowa na gaggawar shirya jirginsa. Ni sashen na'urorin gano kifi aka ba ni. Mutum zai tsaya gaban allunan da muka jera, ya latsa wannan ya latsa wancan, daga ƙarshe ya yi tambayar da kusan kowa ke yi: "Wadda aka zuba wa taswirar zurfi zan ɗauka, ko in sayi mara taswira in riƙe sauran kuɗina?"

Tambayar tana da dalili. Na'ura iri ɗaya, allo girma ɗaya, sai ka ga farashi biyu, kuma bambancin taswira ce kawai. Wanda ya sayi mara taswira, in daga baya ya so katin da ake sakawa a ramin memori, galibi zai biya tsakanin dala 100 zuwa 250, gwargwadon kamfani da faɗin yankin da katin ya ƙunsa. Ga mai jirgin dala dubu hamsin wannan ba komai ba ne. Amma yawancin masu zuwa wurina magidanta ne masu ƙaramin jirgin alminiyam, waɗanda suka lissafa kuɗin mai da na lasisi da na tsutsa kafin su fito daga gida.

Abin da na fara fahimta shi ne mutane da yawa ba su san ƙanƙantar wurin da na'urarsu ke gani ba. Idon na'urar, wato ɗan abin da ake ɗaurawa a gindin jirgi, amo yake harbawa ƙasa. Amon yana tafiya a ruwa da saurin kusan mita 1,500 a daƙiƙa, ya bugi ƙasa ko kifi ya dawo, na'ura ta lissafa lokacin ta mayar da shi zurfi. Sai dai amon ba ya bazuwa ko'ina. A na'urorin da aka fi saye, faɗin wurin da yake rufewa a ƙasan ruwa kusan sulusin zurfin ne. In kana kan ruwa mai zurfin ƙafa 30, da'irar da kake gani ba ta wuce ƙafa 10 da 'yan kai ba. Kamar mai tafiya da tocila ne a baƙon gari cikin duhu: yana ganin inda zai taka, amma bai san ina kasuwa take ba. Akwai sababbin na'urori masu duba gefe da gaba, suna ƙara faɗin gani ƙwarai, duk da haka abin da suke nunawa bai wuce kewayen jirgi ba. Taswira ce ke gaya maka cewa can gaba, nisan mil biyu, akwai tudu a ƙarƙashin ruwa da ya cancanci ka ƙona mai ka je.

Shi kuwa kifi ba ko'ina yake zama ba. Yana bin gefen gangara, da bakin ciyawa, da inda dutse ya haɗu da laka, da tsohuwar hanyar rafi. Mafi yawan faɗin tafki babu abin kamawa a cikinsa. Saboda haka in aka ce taswira tana da amfani, gaskiya ne. Matsalar tana wajen lambar da ke jikin kwalin katin.

Kwalin zai ce tafkuna dubu goma sha wani abu. Wannan lamba ita ke sayar da kaya, kuma ita ce ta fi rashin amfani ga mai saye. Minnesota kaɗai tana da tafkuna 11,842 masu faɗin eka 10 zuwa sama. Babu mai kamun kifi a dubu goma. Mutum yana da tafki biyu ko uku da yake zuwa, da wani guda da yake mafarkin zuwa in ya samu hutu. In waɗannan ba su samu aune mai kyau ba, sauran dubban ba su tsinana masa komai.

Kuma tafkunan da ke cikin kati ɗaya ba darajarsu ɗaya ba. Wannan ne na fi daɗewa ina koya, don sai da na riƙa kwatanta abin da allo ke nunawa da abin da abokan ciniki ke dawowa suna faɗa. Wasu tafkunan kamfani ne ya tura jirginsa na aune ya yi ta kai da komowa a kansu, layi kusa da layi, yana tara ma'auni. Kamfanin taswira na LakeMaster, wanda ya tashi a garin Little Falls na nan Minnesota kafin kamfanin Johnson Outdoors mai na'urorin Humminbird ya saye shi a 2011, da irin wannan aiki ya yi suna. A irin waɗannan tafkuna za ka ga layukan zurfi ƙafa ɗaya ɗaya, kuma in layi ya ce akwai ɗan tudu, to akwai shi. Sauran tafkunan kuwa, waɗanda su ne suka fi yawa, daga tsofaffin taswirun hukuma aka kwafo su. A wannan yanki na Amurka tun shekarun 1930 ake aune tafkuna, wani lokaci da hunturu, a huda ƙanƙara a jere, a zura igiya mai nauyi a baki, a rubuta zurfin a takarda. Aiki ne na jarumta, kuma har yau ana cin moriyarsa. Amma tsakanin rami da rami babu wanda ya ga komai. Mai zane ne ya haɗa layukan da kintace, yawanci tazarar ƙafa 5 ko 10.

Inda abin yake ruɗa mutane shi ne, kwamfuta na iya ɗaukar wannan tsohon zane ta cike tsakanin layukan da wasu layuka, ta shafa masa launi, ya fito a allo sumul kamar jiya aka auna. Kyan zane ba ya nuna yawan aune. Da sannu na koyi gane su da ido: in layuka sun bi juna a tsare, kowanne na kwaikwayon siffar gaɓa kamar an zana da kwano, to kintace ne. Ƙasan ruwa na gaskiya ba shi da wannan ladabi. Yana da lanƙwasa da ƙusoshi da ramukan da ba su da dalili.

Ga kuma abin da ba kowane mai sayarwa ke so ya faɗa ba. Waɗannan tsofaffin taswiru na hukuma kyauta ne. Ma'aikatar albarkatun ƙasa ta Minnesota tana da shafin LakeFinder, inda kowa zai iya duba taswirar tafki, da irin kifin da ke ciki, da sakamakon binciken da jami'anta suka yi. Wanda tafkinsa bai samu sabon aune ba, in ya sayi kati, abin da ya biya kuɗi a kansa shi ne ganin jirginsa yana tafiya a kan zanen da da ma zai iya bugawa a takarda. Wannan ma wani amfani ne, ban raina shi ba, amma ya kamata mutum ya san abin da ya saya.

Daga nan na daina amsa tambayar kai tsaye. Sai in ce wa mutum: "Wane tafki kake zuwa? Faɗa mini wuri ɗaya a cikinsa da ka sani kamar tafin hannunka." Sai mu buɗe taswirar a na'urar gwaji mu je wurin. In tudun duwatsun da ya shekara ashirin yana kama kifi a kai ya fito, da siffarsa, a inda ya san shi, sai in ga fuskarsa ta canja, wani ma har da ɗan ɓacin rai, don ya ɗauka shi kaɗai ya san wurin. In kuwa wurin ya fito fili fetal, babu sauran magana. Taswirar da ta rasa abin da ka sani ba za ka dogara da ita a kan abin da ba ka sani ba. Kamfanonin ma suna wallafa jerin tafkunansu tare da alamar waɗanda aka yi wa cikakken aune, kuma ana iya leƙa taswirar kamfanin Navionics a waya kafin a kashe kuɗin kati. Mutane ƙalilan ne ke dubawa.

Waɗanda taswira ta fi yi wa rana su ne masu zuwa babban ruwa da masu yawon tafkuna. Ɗauki Mille Lacs, mai faɗin eka sama da 132,000, wanda mafi zurfinsa ƙafa 42 ne kawai. A tsakiyarsa akwai tuddan laka masu faɗi, waɗanda suka ɗara ƙasan da ke kewaye da su da ƙafa kaɗan, kuma a gefensu walleye ke taruwa da bazara. Daga saman ruwa babu wata alama, gaɓa ma da ƙyar ake hango ta. Dattawan da ke zuwa kanti sun ba ni labarin yadda suke nemo su a da: kamfas, da agogo, da saita tankin ruwan wani gari da wata doguwar bishiya, sannan a yi ta zagaye ana kallon na'ura har zurfi ya canja. Rabin safiya kan tafi a nema. Yau yaro ɗan shekara goma sha biyar zai tuƙa kai tsaye ya tsaya a kan kusurwar da yake so. Mutumin da ya yi tafiyar awa huɗu da mota, yana da kwana biyu kacal a irin wannan ruwa, kuɗin kati bai kai abin da zai ƙona na mai wajen lalube ba. Irin wannan ba na jinkirin ce masa ya saya.

Haka masu kamun hunturu. A kan ƙanƙara na'ura ba ta ganin komai sai ka huda rami, kuma huda ƙanƙara mai kaurin ƙafa biyu cikin sanyin da ke daskarar da gashin baki ba wasa ba ne. Taswira mai kyau tana rage yawan ramukan banza.

Akwai wata dabara a cikin katunan da na ga ta fi layukan kansu amfani, kuma da yawa sun saya ba su taɓa kunna ta ba. Kana iya gaya wa na'ura ta shafa launi a kan zurfin da ka zaɓa. A ce ka kama kifi uku a tsakanin ƙafa 18 da 22. Sai ka sa ta haskaka wannan zurfi, nan take duk inda yake a faɗin tafkin ya fito da kore. Da zafi, lokacin da ruwan sama ya yi ɗumi na ƙasa ya yi sanyi, kifi kan tsaya a kusa da iyakar biyun, don a tafkuna da yawa iskar shaƙa tana ƙaranci a ƙasa da wannan iyaka. In ka gano zurfin, ka gano inda za ka nema a duk tafkin. Masu injin lantarki na Minn Kota da ke haɗe da Humminbird har suna iya sa jirgi ya bi layin zurfi ɗaya da kansa, su kuma su ji da fatsa. Duk wannan kuwa yana tsaye ne a kan ingancin layin. In kintace ne, jirgin zai bi kintacen da aminci.

Wanda ba na ba shawarar saye shi ne mai ɗan gida a bakin ƙaramin tafki, wanda nan yake kamu tun yana yaro kuma ba ya zuwa ko'ina. Sau da yawa irin tafkinsa ba ya cikin waɗanda aka auna da kyau, kuma abin da ke kansa ya fi abin da ke katin. Shi abin da ya dace da shi na'ura ce mai zana taswira da kanta. Manyan kamfanonin na'urorin guda uku duk suna da wannan: Garmin na da Quickdraw Contours, Humminbird na da AutoChart Live, Lowrance na da Genesis Live. Kana tuƙi, na'ura na haɗa zurfin da take aunawa da wurin da GPS ya nuna, layuka na fitowa a allo a bayanka. Aiki ne mai cin lokaci, dole a faɗa. Sai an tafi a hankali, layi kusa da layi, a ranar da babu igiyar ruwa sosai, kuma ciyawa mai kauri tana yaudarar na'ura ta ɗauke ta a matsayin ƙasa. Tafki mai eka ɗari biyu ana iya gamawa da shi a 'yan fitowa. Mille Lacs kuwa sai dai jikokinka su ƙarasa. AutoChart Live ma awa 8 kawai yake iya ajiyewa a cikin na'urar, in kana son fiye da haka sai ka sayi wani kati na musamman, don haka kyautar tana da iyaka.

Ƙorafin da ya fi dawowa kanti shi ne: "Taswirarku ƙarya take yi. Ta ce ƙafa 12, na'ura ta ce 9." Mafi yawan lokuta babu wanda ya yi ƙarya. An zana taswira ne a kan tsayin ruwa na wata rana, ruwa kuwa yana hawa yana sauka. A tafkunan da Allah ya yi bambancin kan zama ƙafa ɗaya ko biyu tsakanin shekarar ruwa da ta fari. A madatsun ruwa abin ya wuce haka nesa. Tafkin Mead da ke bayan madatsar Hoover ya sauka zuwa kusan ƙafa 1,040 sama da teku a Yulin 2022, wato kimanin ƙafa 180 ƙasa da cikarsa. Wuraren da taswira ke nunawa a matsayin ruwa mai zurfi sun zama busasshiyar ƙasa. Katuna masu kyau suna da wurin da za ka shigar da bambancin, layuka duka su gyaru. Minti ɗaya ake yi: ka tsaya a wuri mai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ka kwatanta lambar taswira da ta na'ura, ka shigar da ragowar. Sai dai wannan ba ya gyara abin da laka ta yi. Taswirun madatsu da yawa an samo su ne daga zanen ƙasar kafin ruwa ya rufe ta, shi ya sa suke nuna tsofaffin hanyoyi da gadoji da kwarin rafi. Bayan shekara hamsin rafukan da ke shigowa sun cike wasu kwaruruwan da yashi.

Kan batun duwatsu kuwa ba na sassautawa. Arewacin jihar, wajen Lake of the Woods mai tsibirai sama da 14,000, da Rainy da Vermilion, ƙasan ruwan dutse ne, kuma dutse ɗaya tilo na iya tsayawa ƙafa ɗaya ƙarƙashin ruwa a tsakiyar wuri mai zurfi. Jirgin aune na iya wucewa ta damansa da hagunsa bai gan shi ba. GPS kansa yana iya kuskuren mita uku zuwa biyar. Na ga mutanen da suka shigo neman sabuwar farfela, wasu har da gindin inji gaba ɗaya, suna cewa ai taswira ba ta nuna komai a wurin ba. Taswira tana sa mutum ya saki jiki ya ƙara wuta a ruwan da bai sani ba, alhali da babu ita da ya tafi a hankali. Gargaɗin da ke fitowa a allo duk lokacin da aka kunna na'ura, wanda kowa ke latsawa ya wuce, maganar da yake yi ke nan.

Wani abu kuma da kwali ba ya faɗa: katin da ka saya, shi maƙwabcinka ya saya. Duk tudun da ya fito da kyau a allo, ranar Asabar za ka tarar da jirage a kansa kamar an yi gayya. Kifi na ganinka, mai jar koma. Gwanayen da na sani suna amfani da taswira su isa yankin, daga nan su koma kan na'ura su nemi ɗan abin da taswirar ta rasa, tarin duwatsu ko lungun ciyawa ko inda ƙasa ta canja daga laka zuwa tsakuwa, su sa masa alamarsu. Waɗannan alamomi ba sa nuna wa kowa. Wani ya taɓa kawo na'urarsa gyara, ya tsaya a kaina har na gama, wai kada in kwafe.

Sai a kula da abin da ke shiga cikin me. Katin LakeMaster a Humminbird kaɗai yake aiki. Lowrance ta fi tafiya da taswirar C-MAP, don gida ɗaya suke. Navionics, kamfanin Italiya da Garmin ta saya a 2017, yana da katunan da ke aiki a na'urorin kamfanoni daban-daban, amma na'urorin Garmin nasu katin daban ne. Ƙananan na'urorin Garmin Striker kuwa, waɗanda suka fi fita saboda araha, ba sa karɓar katin taswira sam, ko da yake da yawansu suna zana tasu. Mutane kan sayi Striker da niyyar ƙara taswira in kuɗi sun samu, su dawo a ce musu babu inda za a saka. Wanda ke da tunanin taswira ko da nan gaba ne, ya tabbatar na'urar tana da ramin kati tun ranar farko. Sabunta taswira ma a wasu kamfanonin kuɗin shekara ne, amma katin ba ya daina aiki don ba a sabunta ba, kuma ƙasan tafkin da ba madatsa ba ba ya canjawa da saurin da zai sa a biya duk shekara.

Wani ƙanena da ke harkar kifi a Yawuri ya kira ni a kan wannan batu. Ya ga tallar wata na'ura a intanet. "Yaya, an ce da taswirar tafkuna dubbai a ciki. In ƙara kuɗi a kawo mini ita?" Na ce masa dubban nan na Amurka ne, wasu katunan da Kanada, tafkin Kainji ba ya ciki. Zai kunna ya ga jirginsa a kan farin allo, ko a kan shuɗin da babu layi ko ɗaya. Kuma Kainji ruwa ne mai wuyar sha'ani ko da an auna shi. Tun da aka kammala madatsar a 1968 ruwa ya rufe tsohuwar Bussa da gonaki da dazuzzuka, kututturan itatuwa na nan a ƙasa suna yaga taru suna fasa jirage. Ruwan yana samun cika biyu, farin ruwa na daminar kusa da baƙin ruwa da ke isowa da rani daga tsaunukan Gini ta Mali, kuma tsakanin cikarsa da saukarsa a shekara akwai kusan mita 10. Na ce ya nemi mai GPS da ke zana taswira da kanta, ya fara da wuraren da yake zuba taru, ya sa alama a kan kowane kututture da ya sani. In zai yiwu ya ɗauki ɗaya daga cikin tsofaffin Sarkawa a jirgin, su nuna masa inda tsohuwar hanyar kogi ta bi, ya bi ta da na'ura. Na kuma ce duk ranar da ya fita aune ya duba tsayin ruwa a jikin wani dutse ko turke da ba ya motsi, ya rubuta a littafi tare da kwanan wata, ya shigar da bambancin a na'ura kafin ya fara, in ba haka ba layukan watan Nuwamba da na watan Yuni za su hau kan juna su ba shi zanen da ba zai iya karantawa ba.